Hayaƙin Da Ya Cinye Dajin Sadbari

Kowane ɗalibi ya san abokan gāba uku na daji: gatari, da gobara, da fari. To, akwai na huɗu wanda ba ya sara, ba ya ƙuna da harshen wuta, watau hayaƙin masana'antu. Ga labarin wani gari a ƙasar Kanada, Sadbari, cikin lardin Ontariyo, don malamai su sami misalin da za su riƙa kawo wa yara.

A shekarar 1883, sa'ad da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka tarar da duwatsu masu jan ƙarfe da wani farin ƙarfe da ake kira nikel. Amma ƙarafan a gauraye suke da farar wuta, tilas sai an raba su. Dabarar mutanen lokacin ita ce su sare itatuwa su shimfiɗa a fili, su jibga duwatsun a kai, su cinna wuta. Tulin nan ya kan yi watanni yana ci. Haka aka yi ta yi har 1929. Ka ga ɓarna biyu ke nan: an sare dajin don makamashi, sa'an nan hayaƙin ya bi ƙasa ƙasa yana kashe sauran.

Yaya hayaƙi ke kashe itace? Kowane ganye yana da 'yan ƙofofi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, ta nan ya ke shaƙar iska. In iskar farar wuta ta shiga, sai ta narke cikin ruwan ganyen ta zama tsami, ganyen ya yi ja ya bushe. Itatuwan da ba su kaɗe ganye kowace shekara su suka fi shan wuya, gama ganye ɗaya ya kan daɗe yana shan dafin.

Amma babbar ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa ta ke. Hayaƙin ya kan haɗu da ruwan sama ya sauko da tsami. Tsamin nan ya wanke abincin da saiwa ke bukata, ya kuma saki alminiyam da ke kwance cikin ƙasa ba ya cutar kowa, ya mai da shi guba ga saiwa. Ga kuma ƙurar jan ƙarfe da nikel tana zuba. Da itatuwa suka mutu babu abin da zai riƙe ƙasa, ruwa ya kwashe ta, ya bar duwatsu tsirara, baƙi ƙirin. Kimanin hekta 20,000 suka zama ƙeƙasasshen fili, tabkuna dubbai kuma suka yi tsami har kifi ya ƙare a wasunsu.

A 1972 aka kammala wani bututun hayaƙi mai tsawon mita 381. Mutanen gari suka sami sauƙin numfashi, ba shakka. Sai dai a ganina wannan share ɗaki ne a zuba sharar a zauren maƙwabci, don iska ta riƙa kai hayaƙin nesa. Gyaran gaskiya ya zo ne da aka tilasta wa kamfanonin tare farar wutar tun a cikin masana'anta, har abin da ke fita ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A 1978 aka soma raya filin. Matasa suka riƙa hawa duwatsu da buhunan garin farar ƙasa don kashe tsamin, suka zuba taki da irin ciyawa. Ciyawa tukuna, daga baya itace. An dasa itatuwa fiye da miliyan 10, dogon bututun kuwa an daina aiki da shi a 2020.

Filayen ciyawa kuma tasu cutar dabam ce, tana da ban mamaki. Hayaƙin injuna da motoci yana ɗauke da naitrojin, wanda shi ne jigon takin zamani. Mai karatu zai ce ai wannan alheri ne. A'a. In taki ya yi ta zubowa daga sama shekara da shekaru, ciyayi biyu ko uku masu haɗama su kan yi tsawo su rufe sauran, ƙananan tsire-tsire masu fure su rasa rana su ɓace, ƙwarin da ke rayuwa a kansu su bi su. An ga haka a Holan, inda ciyawa ta mamaye filayen wani gajeren tsiro mai fure. Daga nesa filin kore shar, sai ka durƙusa ka ƙidaya ire-iren tsiron da ke cikin taki ɗaya, sa'an nan ka ga abin da aka rasa.