Allon kwamfuta ya yi baƙi bayan sabuntawa? Kada ka yi saurin bari a goge ta

Wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gyaran mota a nan Sabha ya zo mini da laftof ɗinsa a hammata, hankali a tashe. Da daddare ɗansa ya taya shi mayar da ita daga Windows 10 zuwa Windows 11. Da gari ya waye ya kunna, ya sa lambar sirri, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ke motsi sai 'yar kibiyar linzami. A cikinta kuwa akwai lissafin bashi na shekara uku: direbobin da ke bin hanyar Gatrun zuwa Agadas, da masu shaguna a Murzuk da Ubari da ke karɓar kaya sai sun sayar su biya.

"Malam, mai gyara ya ce sai an yi mata fomat," in ji shi. "To in aka goge, wa zai gaya mini nawa nake bin mutane?"

Ba mu goge ta ba. Kafin shayi ya huce lissafinsa ya dawo, domin dama bai je ko'ina ba.

Me ya jawo wannan rububin sabuntawa?

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan shekara goma da fitowarta. Kwamfutar ba ta daina aiki ba, amma an daina aiko mata da gyaran tsaro da aka saba turo wa kowa kyauta. Shi ya sa mutane ke komawa Windows 11, wadda ta fito tun watan Oktoban 2021. Ita kuwa tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 4, ma'aji gigabait 64, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Intel, galibi sai injin zubi na takwas zuwa sama. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu kuwa na hannu ne, wasu ba su cika sharuɗɗan ba. Akwai dabarar da masu gyara ke yi su cusa ta da ƙarfi, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Ga kuma ɗaukewar wuta da duk mazaunin Fazzan ya sani, musamman lokacin zafi. In wuta ta tafi ana tsakar aiki, batir kuma ya mutu, aikin ya tsaya a rabi ke nan.

Fuska daban, ma'aji daban

Abin da kake gani in ka kunna kwamfuta, wato hoton bango da 'yan alamomi da layin nan na ƙasa, wata manhaja ce guda mai suna explorer.exe take shimfiɗa su. Fayilolinka suna can cikin ma'aji. Kamar shago ne: yaron da ke jera kaya a kanta bai zo ba, amma kaya na nan a sito. Fomat kuwa sito yake kwashewa.

In allo ya yi baƙi amma kibiya na motsi, danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda. In taga ta buɗe, nemi wurin fara sabon aiki, rubuta explorer.exe, danna Enter. Abin da ya dawo da ta ɗan'uwanmu ke nan. In bai yi ba, haɗa maɓallin mai tambarin Windows da Ctrl da Shift da B. Za ka ji 'yar ƙara, alamar an sake tayar da manhajar da ke tuƙa allo. Wanda kuma ya saba haɗa kwamfuta da talabijin, ya gwada maɓallin Windows da P, don wani lokaci hoton yana tafiya ne zuwa allon da ba a jona ba.

In hoton bango ya fito amma alamomi sun ɓace, danna gefen dama na linzami a fili, shiga jerin yadda ake nuna abubuwa, ka duba ko an cire alamar nuna su.

In kuwa komai ya fito fes kamar sabuwar kwamfuta, ba fayil ko ɗaya, to mai yiwuwa ta shigar da kai ɗakin wucin gadi ne. Kada ka ajiye komai a nan, domin kana fita zai goge. Kashe ta ka sake kunnawa, ko da sau biyu ko uku. Sannan shiga ma'ajin C, buɗe foldar Users, nemi sunanka. Duba kuma wata folda mai suna Windows.old, inda ake jibge tsohon tsari.

Akwai wata matsala da ta fi kama mu mazauna nan: lambar sirri ta ƙi shiga alhali daidai ka sa ta. Sau da yawa harshen maɓallai ne ya juya. Kwamfutar da aka saya a Libiya na iya komawa Larabci, wadda aka taho da ita daga Nijar kuma jerin Faransanci gare ta, inda A ke zaune a mazaunin Q. Duba kusurwar allo ta ƙasa ka mayar da harshen da ka saba kafin ka ce an yi maka kutse.

Kwana goma kawai gare ka

Windows na ba ka kwana 10 bayan sabuntawa ka koma tsohuwar, ta cikin saituna, ɓangaren farfaɗowa. Bayan nan sai ta goge Windows.old da kanta, ƙofa ta rufe. Saboda haka wanda ya ajiye kwamfuta a shago ya yi tafiya Damagaram ko Kano da niyyar in ya dawo ya duba, yana iya tarar da lokaci ya wuce. In ba ka iya shiga ciki ma, riƙe Shift ka zaɓi sake kunnawa daga allon lambar sirri. Za ta kai ka shuɗin allon gyara, inda ake cire sabuntawar da ta kawo matsala.

In dole sai an je wurin mai gyara, akwai magana biyu. Ka ce masa, "Maigida, kwafe mini fayilolina a gabana tukuna." Ko kwamfuta ba ta tashi, ana iya tayar da ita da filashi a kwashe abin da ke ciki. Na biyu, wasu kwamfutoci suna kulle ma'ajinsu da BitLocker, kuma ba a buɗewa sai da mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na wanda ya saita ta. In ɗanka ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa, yau ɗin nan ka sa ya nemo lambar a rubuta a takarda, a ba uwargida ta adana.

Wanda bai sabunta ba tukuna, rigakafi ya fi magani. Kwafe lissafi a filashi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ka buga na bashi a takarda. Cika batir, ka fara aikin lokacin da ka san akwai wuta ko janareta, kuma kada ya zama daren da za a yi lodi.

Ɗan'uwan namu dai, da lissafi ya fito, sai da ya karanto mini sunaye uku da ya manta ma yana bin su kuɗi. Washegari ya sayo filashi, ya kuma sayo babban littafi mai bango mai kauri.