Fargabar uwa gado ce daga kakanni

Janareton maƙwabta na ruri duk dare kina sharar barcinki, amma da jaririnki ya ɗan motsa sai ki farka firgigit. Me ya kawo haka?

Masu nazarin yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani suna ganin gado ne. Tun a 1872 Charles Darwin ya rubuta littafi kan yadda mutum da dabba ke nuna tsoro da murna. Kakanninmu na can baya sun kwana inda maciji da kura ke yawo. Uwar da ƙaramin motsi ke tayarwa, ko da sau tari iska ce kawai, 'ya'yanta suka fi tsira, har suka hayayyafa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Randolph Nesse, ya kwatanta abin da na'urar gano hayaƙi: gara ta yi ƙara a banza da ta yi shiru ranar gobara.

Shi ya sa baƙar magana ɗaya daga dangin miji ke kwana a ranki, yabo goma kuwa ya bi iska. Murna ma ba ta zama. Atamfar Sallah kafin wata ya zagayo ta koma zanen zaman gida.

Jikin yana da nasa rarrashi. Shayarwa da rungumar jariri a ƙirji suna sakin sinadarin oksitosin, mai kwantar da hankali.

Amma 'yar'uwa, idan fargabar ta hana ki runtsawa ko jariri na barci, ko kuka da rashin sha'awar komai suka haura mako biyu bayan haihuwa, kada ki bari a ce miki jego ne kawai. Ki je asibiti ki faɗa mana, akwai magani.