Ciwon Asma: Dalilin Rubuta Shi Daidai a Littafin Asibiti

Wannan bayani domin Hakimai da malamansu ne, musamman na ƙasar Bichi da Ɗambatta da Kunci, inda gonaki da gidaje ke haɗe da juna.

Asma ciwo ne na hanyoyin numfashi. Sukan ƙuntata, ƙirji ya riƙe, numfashi ya riƙa fito. A ƙasarmu ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, da hayaƙin kara a ɗakin girki su ke yawan tayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da shi a 2019, dubu 455 suka rasu.

Akwai mai sauƙi, mai zuwa jefi-jefi: watau ba ya wuce kwana 2 a mako, ba ya kuma ta da mutum daga barci fiye da sau 2 a wata. Shi ne aka fi rainawa, alhali kuwa yakan tashi farat ɗaya ya kai ga halaka.

Hukumar ta ba kowace cuta lamba, domin likitan Kano da na Ingila su fahimci juna. A kundinta na 10 lambar asma J45 ce, a na 11, wanda ya fara aiki a 2022, CA23 ce. Tarin fuka kuwa lambarsa dabam, maganinsa dabam. Idan malamin asibiti ya rubuta "tari" ko "fuka" kurum, ba a san wanne yake nufi ba. Daga littafinsa ake cika lissafin wata da ke zuwa Ƙaramar Hukuma, kana Ma'aikatar Lafiya, kuma cutar da ba ta cikin lissafi da wuya a tuna da ita wajen rabon magani.

Saboda haka lalle a rubuta abu huɗu: kwana nawa ciwon ke tashi a mako, dare nawa ya hana barci a wata, abin da ke tayar da shi, da maganin shaƙa da aka bayar.

Ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su gargaɗi jama'a: mai ciwon ya adana katinsa, ya ƙirga kwanakin da ya tashi, ya faɗa wa malamin asibiti gaskiya. Wanda tarinsa ya kai mako 2 a gwada majinarsa. Wanda kuwa ya kasa ƙarasa magana don haki, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.