Ma'ana da Asalin Kalmar "Circumnavigate"

Duk ɗalibin da ya taɓa fassara darasin tarihi ko labarin ƙasa daga Ingilishi zuwa Hausa, da wuya bai ci karo da kalmar "circumnavigate" ba. Abin da take nufi shi ne a kewaye wani abu kaf a cikin jirgin ruwa, ko tsibiri ne, ko nahiya, ko duniya baki ɗaya, har a komo inda aka tashi.

Ingilishi ya aro ta ne daga Latin, harshen Romawa, a ƙarni na 17. In aka feɗe ta za a sami sassa biyu. Na farko shi ne ɗafa-goshi "circum", watau a kewaye, wanda ya fito daga "circus", da'ira. Na biyu shi ne aikatau "navigare", tafiya da jirgi. Shi kansa wannan aikatau haɗi ne na "navis", jirgin ruwa, da "agere", korawa, kalmar da Romawa kan yi amfani da ita har ga makiyayi mai kora shanu. Ashe ke nan a idonsu, matuƙi kora jirginsa yake yi.

Sharaɗin komowa ba ƙaramin abu ba ne. An saba cewa Ferdinand Magellan, mutumin Fotugal, shi ne ya fara kewaye duniya. Gaskiya ne ya tashi daga Sifen a 1519 da jirage biyar, amma an kashe shi a tsibiran Filifin a 1521. Juan Sebastián Elcano ne ya komo gida a 1522 da jirgi ɗaya tak, mai suna Victoria, da mutum 18. In dai za a bi haƙƙin kalmar, nasa ne yabon.

Daga baya ma'anar ta faɗaɗa. Da sojojin saman Amurka suka kewaye duniya a 1924, wannan kalma aka yi musu amfani da ita, alhali kuwa "navis" na cikinta. Hausa ma ta bi wannan hanya: da can jirgi na ruwa ne kurum, kafin a sami na ƙasa da na sama.

Saboda haka, a ganina, mai fassara ba ya bukatar aro a nan. "Kewaya duniya a jirgi" ta wadatar. Sai dai ya lura da abin da ake magana a kai, domin ya san ko zai ƙara "ruwa" ko "sama".