Agogon da Ke Gaban Matuƙin Jirgi

Idan jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama ya ce wa matuƙi akwai jirgi a ƙarfe biyu, mil biyar, ba lokaci yake faɗa masa ba. Sararin da ke kewaye da jirgin ne aka mayar fuskar agogo: sha biyu gaba, uku dama, shida baya, tara hagu, kowace awa digiri 30. Abin da nake so mu gane shi ne, wannan sanarwa wurin fara dubawa kawai take nunawa, kuma matuƙin da ya ɗauke ta a matsayin takamaiman wuri ya jefa kansa cikin haɗari.

Ga dalili. Jami'in yana kallon na'urar rada, ita kuwa hanyar da jirgi ke bi a kan ƙasa take nuna masa, ba inda hancinsa ya dosa ba. In iska na kaɗowa daga dama, dole matuƙi ya karkata hanci dama don kada ya kauce hanya. Ƙaramin jirgi mai gudun mil 100 a awa, in iskar gefe ta kai mil 25, karkatar takan kusan digiri 15, wato rabin awa a agogon nan. Jirgin da aka ce yana sha biyu sai a same shi tsakanin sha ɗaya da sha biyu. In kuwa ana cikin juyawa, kafin maganar ta ƙare lissafin ya sauya.

Wani zai ce to a riƙa ba da digirin kamfas mana. Ai sai matuƙi ya yi lissafi kafin ya ɗaga kai, alhali jiragen na cin tazara cikin daƙiƙoƙi. Agogo kuwa kai tsaye yake juya wuya. Wani kuma ya ce na'urar gargaɗin karo da ke cikin jirgi, wato TCAS, ta wadatar. Amma ba ta ganin jirgin da ba ya aika siginar shaida, kuma ta fi ƙwarewa a tsawo da nisa fiye da kusurwa.

Abu mafi muni shi ne a ce an gani, sannan a rasa, a yi shiru. A ranar 25 ga Satumba, 1978, a San Diyego ta Amurka, an sanar da matuƙan Boeing 727 na kamfanin PSA cewa ƙaramin jirgin Cessna na sha biyu. Sun ce sun gan shi, daga baya ya ɓace musu, ba su fito fili sun gaya wa jami'an hasumiyar filin jirgi ba. Yana gabansu ta ƙasa, suka auka masa, mutum 144 suka rasu.