Dubban Gonaki, Babu Manaja



Wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da rani zai ga fadamar Rima kore shar, injinan ban-ruwa na ta ruri. Shinkafar nan ce ke ciyar da manyan injinan casa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wanda aka buɗe a 2017. A cikin kamfani akwai manaja, akwai na ƙasa da shi, har zuwa maigadi. To a fadama fa, wa ke ba dubban manoma umarni? Babu kowa.

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a nan Birnin Kebbi. Sharaɗin shi ne manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, mutum 5 zuwa 20, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Ga Bakabe wannan ba baƙon abu ba ne, gayya ce aka yi wa takarda. Wanda ya ƙi zuwa gayyar maƙwabci, ranar tasa zai tarar da gona shiru. Ba a rubuta masa takardar gargaɗi, kunya ta ishe shi.

Turawa ma sun gano hakan, ko da yake a makare. A ƙasar Holan, Jos de Blok ya kafa Buurtzorg a 2006, ƙungiyar ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya gida-gida. Kowane rukuni ba ya wuce mutum 12, su ke tsara aikinsu, su ɗauki sabon ma'aikaci. Da sun yi yawa sai su rabu biyu. Da haka suka haura ma'aikata 10,000.

A ganina nan ne shirin bashin namu ya yi tuntuɓe. Inda aka cika takarda da sunayen mutanen da ba su taɓa haɗa sahu a masallaci ɗaya ba, wa zai ji kunyar wa? Sai bashi ya maƙale. Ga kuma ambaliyar 2020 da ta shafe shinkafa a faɗin fadamar Kebbi, har masu niyyar biya suka rasa ko buhu ɗaya na kai wa kamfani.

Masu sauraro, ku dakace mu, bayan ɗan kiɗan nan za mu leƙa fadamar Argungu, mu tambayi manoma yadda suke yi da ɗan ƙungiyar da ya sayar da takin da aka ba shi bashi.