Kalmomin Aro da Ɗalibin Hausa a Jarrabawar Larabci ta Sudan

1.0 Gabatarwa

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi hijira da jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Masu jin Hausa sun bazu a ƙauyukan Jazira har zuwa Damazin. Yaran waɗannan ƙauyuka suna tashi da Hausa a gida, suna jin Larabcin kasuwa a waje, amma jarrabawar Shahada, wadda sakamakonta ke buɗe ƙofar jami'a, da daidaitaccen Larabci ake yin ta. Wannan takarda za ta nuna yadda ɗalibi zai faɗaɗa rumbun kalmominsa daga abin da ya riga ya sani.

2.0 Gano Asalin Kalma

Hausa ta ari kalmomi da yawa tare da al- ta Larabci. Idan aka cire ta, asali zai bayyana:

alƙalami < al-ƙalam
labari < al-khabar
littafi < al-kitab

Daga nan sai a nemi saiwa. Baƙaƙen k-t-b su ne suka haifar da katib (marubuci), maktab (ofis) da maktaba (ɗakin karatu). Ke nan kalma ɗaya ta aro ta jawo wa ɗalibi uku.

3.0 Inda Ake Zamewa

Ba kowace kalmar aro ce ta riƙe ma'anarta ba. A Hausa wasiƙa saƙo ce, amma wathiƙa takardar shaida ce. Jawabi magana ce a gaban taro, alhali jawab amsa ce a daidaitaccen Larabci, a bakin 'yan Sudan kuma har wasiƙa takan nufa. Jarrabawa daga jarraba ta fito, amma Balarabe imtihan yake cewa. A tambayar neman ma'ana ko kishiyar kalma, nan ne maki ke zubewa, domin ɗalibi yana ganin ya san kalmar, ba zai tsaya tunani ba.

Haka kuma moya da zol na kasuwa ne. A takardar amsa ma' da shakhs ake so.

4.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya raba shafin littafinsa gida uku: kalmar Hausa, asalinta, da ma'anarta a daidaitaccen Larabci. Duk inda gida na farko da na uku suka saɓa, ya ja layi, ya gina jimla da kalmar. Waɗannan su ne zai fi maimaitawa kafin ranar jarrabawa.